BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Kowace shekara, da damina ta fara ja da baya, ofisoshin ba da sukolashif sukan cika da iyaye da ɗalibai masu shirin tafiya ƙasashen waje neman ilmi. A da, in aka ce yaro zai tafi karatu, Ingila ake nufi ko Amurka, in kuwa gabas ce, Masar ko Sudan ko Sa'udiyya. Yanzu tsadar makarantun Ingila da faɗuwar darajar Naira sun sa waɗansu sun fara duban ƙasashen da kuɗin makarantarsu yake da rangwame, cikinsu har da Sifen da Kyuba da Meziko, inda ba a koyarwa da Larabci, Turanci ma sai jefi-jefi, harshen aji da na kasuwa duka Sifaniyanci ne.

Wannan ba laifi ba ne. Sifaniyanci shi ne harshen gwamnati a ƙasashe 20, mutane kusan miliyan 500 ne suka tashi da shi a baki, yana kuma cikin harsuna 6 da Majalisar Ɗinkin Duniya take aiki da su. Ko a nan kusa, maƙwabciyarmu Gini Ikwatoriya da shi take gudanar da mulkinta. Abin da yake damuna shi ne yadda muke tura yaran nan. A ganina, makonni shida na farko da ɗalibi zai yi a irin waɗannan garuruwa su ne suke yanke hukuncin ko zai dawo da digiri ko zai dawo hannu rabbana, kuma yawancin abin da zai same shi a cikin makonnin nan tun daga gida ake shuka shi, a kan teburin ma'aikacin da ya riƙe fayil ɗinsa.

Bari mu ɗauki gari guda mu yi misali da shi, don magana ta tsaya a kan ƙafarta. Giranada, wanda littattafan Larabci suke kira Garnaɗa, birni ne a kudancin Sifen, a yankin Andalus, mai mutane wajen 230,000. An kafa jami'arsa a shekarar 1531, ɗalibanta kuwa sun haura 50,000, watau gari ne na 'yan makaranta. Ana buɗe aji a watan Satumba, jarrabawar zangon farko kuma a Janairu take. Ana ba da maki daga 0 zuwa 10, wanda bai kai 5 ba ya faɗi. Darasin da ɗalibi ya faɗi, in zai sake yin rajistarsa a shekara mai zuwa, kuɗinsa ya fi na farko. Daɗin daɗawa, in ya je sabunta izinin zamansa na ɗalibi, tilas ne ya nuna shaidar cewa karatun yana tafiya. Saboda haka faɗuwar zangon farko tana cin aljihun gwamnatin da ta tura shi, tana kuma iya taɓa zamansa a ƙasar.

Abu na farko da zai tare shi shi ne harshe. Ko ɗalibin da ya ɗan taɓa littafin koyon Sifaniyanci a gida zai sha mamaki a Giranada, domin mutanen Andalus suna da tasu irin magana. Sukan haɗiye harafin s a ƙarshen kalma, sukan kuma zubar da d in ta faɗo tsakanin wasula, har sunan garin ma da yawansu Graná suke cewa. Malami yana bayani da sauri, 'yan aji suna rubutu, yaronmu da ya zo na ɗaya a makarantarsu ta gida yana zaune ya zama kurman ƙarfi da yaji. Mai hazaƙa ne ya fi jin zafin wannan hali, domin bai saba zama a baya ba, kuma kunyar da muka tarbiyyantar da shi a kanta takan hana shi ɗaga hannu ya ce bai gane ba. Mako ɗaya ya wuce, biyu su wuce, darasi yana taruwa a kan darasi kamar bashi.

Abin takaicin shi ne, Bahaushe yana cikin waɗanda harshen nan bai kamata ya ba su wuya ba, da an fara koya musu shi da wuri. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kuma yadda aka rubuta kalma haka ake faɗinta, kamar dai bokon Hausa, ba kamar Turanci ba da sai an haddace kowace kalma da nata lafazin. Harafin r mai kaɗa harshe da yake wahal da Turawan Ingila, mu da shi muka tashi. Rabon sunaye zuwa namiji da mace, wanda yake rikita mai Turanci, mu mun san shi, har ma akasarin sunayen mace a harsunan biyu da a suke ƙarewa: mu muna cewa riga da hula, su suna cewa casa da mesa, watau gida da tebur. Bugu da ƙari, ƙarnukan da Musulmi suka yi suna mulki a Andalus, daga 711 zuwa 1492, sun bar kalmomin Larabci da yawa a bakin mutanen, waɗansu kuwa mu ma mun aro su. Magajin gari alcalde suke ce masa, tushensa ɗaya da alƙali. Sukari azúcar ne, zaitun aceituna, kalmarsu ta hasta kuwa 'yar'uwar hatta ce. Inda za mu sha wuya shi ne jujjuyawar aikatau, da kuma bambanta p da f, domin pila batir ne, fila kuwa layi.

Na san akwai masu cewa ai harshe a garinsa ake koyonsa, a jefa yaro cikin mutane kawai, yau da gobe zai iya. Akwai gaskiya a cikin maganar, amma ba ta yi lissafi da kalanda ba. Cibiyar da take horar da jakadun Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana bukatar makonni 24 zuwa 30 na aji kafin ya iya aiki da Sifaniyanci, kuma wannan ga babban mutum ne wanda ba shi da wani aiki sai koyon harshen. Daga buɗe aji a Satumba zuwa jarrabawar Janairu bai wuce watanni huɗu ba. To, yaya za a yi yaron da ya sauka ba ya jin ko gaisuwa ya koyi harshe, ya kuma koyi ilmin haɗa magunguna ko aikin injiniya da harshen nan, duk a cikin lokacin da bai ishi jakada koyon harshen kaɗai ba? Zama cikin mutane yana gyara bakin wanda ya zo da tushe. Wanda ya zo ba kome kuwa, zai koyi sayen burodi da tambayar hanya, amma ba zai amsa tambayar jarrabawa ba.

Waɗansu kuma sukan ce a nema wa yaro kwas da ake koyarwa da Turanci a huta. Akwai irinsu, musamman a digiri na biyu. Amma mai gidan haya da direban bas da ma'aikacin ofishin baƙi da likitan asibiti ba su ɗauki alkawarin yi masa Turanci ba. Wanda zai karanta aikin likita ko jinya kuwa, marasa lafiyar da zai koyi aiki a kansu da harshensu za su gaya masa inda yake yi musu ciwo.

Abu na biyu shi ne takardu, a nan ne nake roƙon ma'aikata su ba ni hankalinsu. Ɗalibin da ba daga Tarayyar Turai yake ba, in karatunsa zai wuce watanni shida, doka ta ba shi wata ɗaya daga ranar shigarsa ya nemi katin shaidar baƙo a ofishin 'yan sanda, inda za a ɗauki hoton yatsunsa. Ba a zuwa ofishin kai tsaye, sai an nemi rana ta intanet, a watan Satumba da Oktoba kuwa ranakun sukan yi wuyar samu saboda yawan baƙi. Galibi sukan nemi takardar rajistar mazauni daga ofishin magajin gari, wadda suke kira padrón. Ita kuma ba a ba da ita sai mutum ya nuna inda yake zaune, watau takardar haya. Mai gida ba zai sa hannu ba sai an ba shi kuɗin wata, da kuma aƙalla na wani watan a matsayin ajiya. Ku duba yadda sarƙar take: babu kuɗi babu ɗaki, babu ɗaki babu rajista, babu rajista kati yana iya tsayawa. Fayil ɗin alawus da ya kwana mako uku a tiren wani ofishi a gida domin mai sa hannu ya tafi taro, shi ne yake sa yaro kwana a kujerar falon wani, yana ƙirga kwanakin da suka rage masa.

Gwamnatin Sifen kanta ta faɗi abin da take ganin shi ne mafi ƙarancin abin zama. Kafin a ba ɗalibi biza sai ya nuna yana da kuɗin da ya kai wani ma'auni nasu a kowane wata, wanda a shekarar 2023 aka tsayar da shi a Yuro 600, ban da inshorar lafiya. Hukumar da ta rubuta wasiƙar ɗaukar nauyi ta sa hannu a kan wannan adadi ke nan, alkawari kuwa kaya ne. Gaskiya ne tun 2022 an yarje wa ɗalibai baƙi su yi aiki har sa'o'i 30 a mako, amma kada wani ya jingina da wannan. Wa zai ɗauki wanda ba ya jin harshe aiki? In ma ya samu, lokacin da ya kamata ya ba littafi ne zai ba wanke kwanoni.

Abu na uku shi ne tsarin rayuwa, wanda ya kamata a gaya wa ɗalibi tun yana gida don kada ya zo masa ba zata. Agogon Sifen yana gaba da ranarsu. A watan Oktoba rana ba ta fitowa a Giranada sai bayan ƙarfe 8, azahar kuwa sai wajen ƙarfe 2. A ranar Lahadin ƙarshe ta watan ake mai da agogo baya da sa'a ɗaya, sa'an nan lokacinsu ya zo daidai da na Nijeriya da Nijar. Babban abincinsu na rana ne, daga ƙarfe 2 zuwa 3 da rabi, na dare kuwa sai 9 ko 10. Ƙananan kantuna da yawa sukan rufe da tsakar rana su sake buɗewa da yamma, ofisoshin gwamnati kuma akasari da safe suke ganin jama'a. Garin yana bisa tudu, wajen mita 700 daga matakin teku, a gindin duwatsun Siyera Nebada masu ƙanƙara, saboda haka wanda ya sauka a cikin zafin Satumba ya zaci haka za a tafi, to, daren Disamba zai nuna masa cewa hunturun Jos wasa ne. Rigar sanyi da kuɗin ɗumama ɗaki suna cikin kasafi.

Ga ɗalibi Musulmi akwai batun abinci. Naman alade yana ko'ina a girkin ƙasar, har kitsensa ana sa wa a cikin waɗansu kayan maƙulashe. A Giranada al'ada ce in ka sayi abin sha, ko da lemo ne, a haɗo maka da ɗan abin taɓawa kyauta, sau da yawa kuwa da alade a ciki. Kalmomi biyar sun ishe shi tsare kansa a makon farko, in an koya masa su: cerdo, jamón, chorizo, tocino da manteca. Ban da wannan, garin yana da sauƙi ga Musulmi. Akwai mahauta masu yanka na halal a wajen titin Elbira, akwai kuma babban masallaci da aka buɗe a 2003 a tsohuwar unguwar Albaizin, yana fuskantar fadar Alhamra. Ɗalibi Kirista kuma zai tarar da majami'u a kowace unguwa, akasarinsu na Katolika. Wurin ibada yana cikin wuraren da baƙo ya fi saurin samun wanda zai nuna masa gari.

Ladubban zama ma sun bambanta. Mutanen suna magana da ƙarfi, suna katse juna, ba faɗa ba ne. Ɗalibai da yawa sukan kira malaminsu da sunansa na yanka, abin da yaron da ya saba durƙusawa zai ji nauyinsa. Sunkuyar da kai da muke ɗauka ladabi, su suna iya ɗaukarsa rashin sha'awar darasi. Gaisuwar mace da namiji a wajensu takan zo da sumbatar kumatu biyu. Wanda addininsa ko tarbiyyarsa ba su yarda ba, ya ɗora hannu a ƙirji ya yi murmushi ya faɗi dalili a taƙaice, za a fahimce shi. Abin da ba a so shi ne ya ja da baya ya murtuke fuska, a ɗauke shi mai girman kai tun ranar farko.

Yanzu kuma na juyo gare ku, ɗalibai, domin ba duka nauyin yake kan ofis ba. Babban tarkon makonnin farko shi ne ɗaki da wayar hannu. Kewar gida gaskiya ce, ba wanda zai zarge ku a kanta. Amma wanda ya tashi daga aji ya kulle kansa yana hira da 'yan gida a WhatsApp har tsakar dare, jikinsa ne kawai ya yi tafiya. Haka kuma wanda ya nemi 'yan ƙasarsu uku suka kama gida tare, suna dafa shinkafa suna Hausa ko Turanci, zai ji daɗin watan farko, ya biya a watan huɗu. Shawarata ita ce ku zauna da masu jin harshen ko da za ku takura. Ku ci abincin rana a ɗakin cin abinci na jami'a. Ku shiga darasin harshe a cibiyar koyon harsuna ta jami'ar tun makon farko. Kowane malami yana da sa'o'in da ya keɓe a mako don ganin ɗalibai a ofishinsa, ku je ku gabatar da kanku, ku gaya masa harshen bai zauna muku ba tukuna, ku nemi ya nuna muku littafin da za ku bi. Za ku yi kuskure a magana, za a yi dariya, ku ma ku yi. Matambayi ba ya ɓata.

Kada kuma ku ɗauka kun je inda ba a taɓa jin labarin ƙasarku ba. A Giranada aka haifi Alhasan ɗan Muhammadu Alwazzan, wanda Turawa suke kira Leo Africanus, a ƙarshen ƙarni na 15. Ya tashi a Fas, aka kama shi a teku a 1518 aka kai shi Rum, a can ya koyi Italiyanci yana babba, ya rubuta littafinsa na bayanin Afirka da shi, aka buga a 1550. A cikinsa ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir da Agadas, kuma Turai ta daɗe tana dogara da shi wajen sanin ƙasashen nan. Kafin shi, wani mutumin Giranada, Abu Ishaƙ Assahili, ya haɗu da Mansa Musa a aikin hajjin 1324, ya biyo shi Mali, ya rasu a Tambutu. In fursuna ya iya koyon harshen ƙasar da aka tsare shi har ya rubuta littafi da shi, ɗalibin da ya tafi da fasfo da biza ba shi da hujjar cewa abin ya fi ƙarfinsa.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata hukumomin ba da sukolashif su yi. Da farko, kada a sayi tikitin jirgi sai ɗalibi ya kai matsakaicin mataki a harshen, wanda ma'aunin Turai yake kira B1, da shaidar jarrabawa irin ta DELE da Cibiyar Cervantes take shiryawa. In ba a sami haka a gida ba, a sa shekarar koyon harshe a cikin kasafin tun farko, a daina ɗaukarta ɓata lokaci. Ƙasar da ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagiri a 1991 da na Larabci a Ngala ba za ta kasa shirya ajin Sifaniyanci na watanni shida a ɗaya daga cikin jami'o'inta ba. Na biyu, a ba ɗalibi alawus na watanni uku a hannu kafin ya tashi, tare da kuɗin ajiyar ɗaki da na rigar sanyi. Na uku, a gama tantance takardun makarantarsa da fassara su tun da wuri, a kuma tura shi aƙalla makonni uku kafin buɗe aji, don ya gama da ɗaki da rajista kafin littafi ya hau kansa. Na huɗu, a sanar da ofishin jakadancinmu na Madrid sunan kowane ɗalibi da garin da yake, a kuma naɗa ma'aikaci guda a gida wanda alhakin yaran nan yake wuyansa, ya riƙa tuntuɓarsu kowane mako a watanni biyu na farko.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da tsadarsa ta kai ta ɗalibi guda da ya faɗi shekara, balle wanda ya bar karatu ya shige cikin Turai ba takarda, iyayensa suna nan suna jiran likita. Kuɗin sukolashif kuɗin talakawa ne, na manomi da mai tireda da ma'aikacin da ake yanke wa haraji. Su ne suke bin mu bashin ganin yaron da aka tura ya dawo da abin da aka aike shi nema. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, ya kuma dawo mana da 'ya'yanmu lafiya, da ilmi mai amfani.